Tsakanin yatsa da harafi: tarihin madannai da haruffan Hausa masu ƙugiya

Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da karatun Hausa a ajin fari ya san wahalar da ake sha kafin yaro ya bambanta ƙasa da kasa, ko ƙura da kura, ko ɓata da bata. Wata da watanni ana nuna masa cewa ƴar ƙugiyar nan da ke kan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ita ce ke raba ƙaya da kaya. Sai ya girma, ya zauna gaban kwamfuta a wata ma'aikata ta Maraɗi ko Damagaram, ya duba allon madannai sama da ƙasa, ya tarar babu ko ɗaya daga cikin haruffan nan huɗu. Daga nan akasarin mutane ke yanke hukuncin cewa na'urar ce ba ta iya Hausa ba. Tarihi kuwa wani abu daban ya nuna. A cikin kwamfuta madanni ba shi da harafin kansa. Manhaja ce ke zaɓen abin da zai fito idan an danna shi, kuma mutane ne suka tsara wannan zaɓi, a wasu ƙasashe, cikin shekarun da aka sani, domin biyan bukatun wasu harsuna. Wannan maƙala za ta bi sawun zaɓin daga zamanin tafireta zuwa na wayar hannu, tare da duba abin da ya janyo wa rubutun Hausa.

Zamanin da harafi ke ɗaure da ƙarfe

A shekarar 1868 ne Christopher Latham Sholes da abokan aikinsa suka samu takardar mallakar fasahar keken rubutu a Amurka. Kamfanin Remington, wanda aka sani da ƙera bindigogi da kekunan ɗinki, ya fitar da shi kasuwa a 1874, da jerin haruffan da ya zama QWERTY. Keken na farko manyan haruffa kaɗai yake bugawa. Kowane madanni na haɗe da sandar ƙarfe guda, a kan kowace sanda kuma an zuba harafi guda. Abin da maƙeri ya zuba shi takarda za ta samu. A 1878 samfuri na biyu ya fito da madannin canji, wanda ya ba kowace sanda haruffa biyu, babba da ƙarami. Daga nan ne aikin madanni ya fara dogara da wani madannin da aka riƙe tare da shi.

Da keken ya isa Faransa, jerin ya koma AZERTY, aka kuma ci karo da wasulan Faransanci masu alama a ka. An samar wa é, è, à da ù wurin zama, amma sanduna ba su isa a ba â, ê, î, ô da û kowanne tasa ba. Sai aka keɓe madanni guda da ke buga ƴar hular ba tare da keken ya matsa gaba ba. Mai bugu ya danna wasalin, ya faɗo daidai ƙarƙashinta. Faransawa suka kira shi mataccen madanni, saboda idan an danna shi keken ba ya motsi. Duk sakataren da ya yi aiki a ofisoshin Nijar ya san wannan dabara a yatsunsa. Mulkin mallaka kuma ya bar wa Hausawa gado biyu: AZERTY a Nijar, QWERTY a Najeriya, har iyakar da ta raba Maraɗi da Katsina ta raba yatsun masu bugu.

Haruffa masu ƙugiya sun shigo duniyar da aka riga aka gama rabon sanduna. Turawan da suka fara rubuta Hausa da boko sun gwada ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu kuma ƴar waƙafi a gefensa. Sai wajen ƙarshen shekarun 1930 ƙugiya ta kafu a ɗab'in Zariya, inda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939. A ɓangaren ƙasashen da Faransa ta raina, taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya tsara haruffan Hausa tare da na Fulatanci, Zabarmanci, Tamajak, Barebari da Mandinko. Makarantun gwaji masu koyarwa da harshen uwa, waɗanda suka fara a Damagaram a 1973, da ma'aikatar yaƙi da jahilcin manya, sun bukaci takardu masu yawa cikin wannan rubutu, alhali kekunan da ke hannunsu an ƙera su domin Faransanci. Mafita ba ta wuce biyu ba: ko a buga b, d, k da y sannan a bi su da alƙalami ana ƙara ƙugiya ɗaya bayan ɗaya, ko a cire harafin da ba a bukata daga kan sanda a maye shi da sabo.

Masana sun yi ƙoƙarin warware matsalar daga tushe. A 1978 UNESCO ta sake kiran taro a Yamai, wanda ya fito da jerin haruffa na bai-ɗaya domin harsunan Afirka. A 1982 Michael Mann da David Dalby suka gabatar da gyararren jeri mai haruffa 60, da tsarin madannai da aka sa wa sunan Yamai. Domin haruffan su samu wuri, tilas suka sadaukar da manyan haruffa gaba ɗaya, kuma tsarin bai samu karɓuwa ba. A Najeriya, cikin shekarun 1980, an tsara jerin haruffa 33 domin harsunan ƙasar, da sa hannun shahararren mai zanen haruffan nan na Jamus, Hermann Zapf. Jerin na da ɓ, ɗ da ƙ, amma babu ƴ, domin a can 'y ake rubutawa. Muddin harafi na ɗaure da ƙarfe, duk wanda ya shigo sai wani ya fita.

Kwamfuta ta raba madanni da harafi

Allon madannai na kwamfutar IBM PC, wadda ta fito a 1981, na da madannai 83, kuma babu wanda ke aika harafi a cikinsu. Abin da kowanne ke aikawa lambar mazauninsa ce. Madannin da ke farkon layin haruffa na sama lamba 16 yake aikawa, ko an zana masa Q ko an zana masa A. Babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar ce ke duba wani jadawali, ta ce lamba 16 na nufin q a Amurka, a kuma a Faransa. Shi ya sa kwamfutar hannu da aka sayo daga Kano, idan aka ɗora mata tsarin Faransanci a Tawa, mai ita zai danna Q ya ga a ta fito. Abin da ke zane kan madanni fenti ne kawai. Hukunci na cikin jadawali, jadawali kuwa ana iya sake shi.

Sai dai kafin jadawali ya ambaci harafi, dole harafin ya kasance yana da lambar kansa a cikin ƙa'idar da na'urori suka yarda da ita. Ƙa'idar ASCII, da aka fitar a Amurka a 1963, gurbi 128 gare ta, kuma Ingilishi kaɗai ta yi wa tanadi. Ƙa'idar ISO 8859-1 ta 1987 ta kai guraben 256 domin harsunan yammacin Turai, amma ko Faransanci bai tsira ba, domin an bar œ a waje, sai a 1999 wata ƙa'idar ta maido da shi. Haruffan Afirka kuwa ba su samu shiga ba sam. Wannan ne ya haifar da dabarar da maɗaba'u da masu binciken harshe suka rayu da ita cikin shekarun 1990: a ɗauki tarin zanen haruffa, a goge zanen wani harafin Turai, a zana ƙ a gurbinsa. A fuskar kwamfutar mai rubutu ƙ ake gani, amma abin da ke ajiye cikin fayil harafin Turai ne. Da zarar an kai fayil ɗin wata na'ura da ba ta da wannan zane, sai rubutun ya cika da baƙin alamomi. Kowace cibiya kuma da nata zanen, ba ya jituwa da na maƙwabciyarta.

Ƙa'idar Unicode, wadda ta fara fita a 1991, ita ta kawar da wannan cikas, ta hanyar ba kowane harafi na kowane rubutu lamba guda da ba ta canzawa. Tun farkon shekarun 1990 haruffan Hausa takwas, manya da ƙanana, ke da lambobinsu: ɓ na da 0253, ɗ na da 0257, ƙ na da 0199, ƴ kuma 01B4. Ke nan fiye da shekara talatin da suka wuce aka ba ƙugiya mazauni a cikin na'ura. Abin da ya rage shi ne hanyar da yatsa zai bi ya kai gare ta.

Darasi daga Gabas

Mutanen Sin da Japan ne suka fi kowa fuskantar wannan tambaya, kasancewar rubutunsu na bukatar dubban alamomi, abin da babu allon madannai da zai ɗauka. A 1947 marubucin nan Lin Yutang ya nuna keken rubutu na Sinanci da ya ƙirƙira: mai bugu ya danna madannai biyu da ke siffanta alamar da yake nema, keken ya nuno masa alamomi har takwas cikin wata ƴar taga, shi kuma ya zaɓi guda. Keken bai shiga kasuwa ba, amma tunanin ya rayu: dannawa ta zama tambaya, na'ura ta kawo amsoshi, mutum ya zaɓa. A 1976 Chu Bong-Foo ya fito da tsarin Cangjie a Taiwan, mai rarraba alama zuwa sassanta; a 1983 Wang Yongmin ya fito da tsarin Wubi a Sin. A 1978 kamfanin Toshiba ya gabatar da na'urar JW-10, wadda ke karɓar lafazin kalmar Japananci ta duba ƙamus ta mayar da shi alamomin da suka dace. Daga bisani rubuta lafazi da haruffan pinyin, waɗanda gwamnatin Sin ta amince da su tun 1958, ya zama hanyar da aka fi bi a ƙasar.

Da haka aka samu wata sabuwar manhaja da ke zaune tsakanin madannai da manhajar aiki, kamar yadda tafinta ke zama tsakanin masu magana biyu: tana tara abin da aka danna, tana riƙe shi har ma'anarsa ta cika, sannan ta miƙa rubutun da ya kammala. Ana kiranta hanyar shigar da rubutu. Kasuwar Gabas ta yi girman da ya tilasta wa masu ƙera manyan manhajoji su gina wa wannan tafinta ƙofa. Tsarin X Window na kwamfutocin Unix ya tsayar da ƙa'idarsa ta XIM a 1994. Microsoft ya sabunta nasa a farkon shekarun 2000. A duniyar Linux kuma IBus ta fito a 2008, kuma mai amfani na iya zaɓe tsakaninta da irinsu Fcitx.

A nan ne kowace manhajar aiki ke fuskantar nata zaɓi: ko ta saurari lambar madanni kai tsaye, ko ta jira rubutun da tafinta ya miƙo. Manhajar wasa mazauni take bukata, shi ya sa madannai huɗun da ɗan Amurka ke kira WASD su ne ɗan Faransa ke kira ZQSD. Manhajar rubutu kuwa harafi take bukata. Idan mai tsara ta ya ɗauka cewa dannawa ɗaya harafi ɗaya ce, kamar yadda take a Ingilishi, ya tsallake tafinta, to mataccen madanni zai daina aiki a cikinta, duk da yana aiki a sauran. Yawancin koken da ake ji cewa harafi ya fito a nan ya ƙi fita a can, asalinsa ke nan.

Hanyoyin da aka buɗe wa Hausa

Hausa ba ta bukatar dubban alamomi. Huɗu kawai take nema. Hanya ta farko ita ce musanya. Hausa ba ta amfani da p, q, v da x a kalmominta na asali, su ma huɗu ne, don haka ana iya ba ƙugiyoyi mazauninsu. Hanyar na da sauri, amma malamin Nijar harshe biyu yake rubutawa a shafi guda, kuma Faransanci ba ya tafiya babu p da q. Ta biyu ita ce riƙe madannin AltGr, wanda ya yaɗu a allunan Turai tun tsakiyar shekarun 1980, a danna k a samu ƙ. Tana da sauƙin tunawa, sai dai wasu manhajoji sun riga sun keɓe irin waɗannan haɗe-haɗe domin umarninsu, sai a yi karo. Ta uku ita ce mataccen madanni ko jerin dannawa: a danna wata alama, a bi ta da b, manhaja ta haɗa su su zama ɓ. A nan akwai bambanci da Faransanci da ya kamata a lura da shi. Unicode na iya ɗaukar ê a matsayin e da ƴar hula, amma ƙ harafi ne guda da ba ya rabuwa, don haka dole jadawali ya ambaci kowane ɗaya daga cikin takwas ɗin da sunansa.

Bayan yadda za a danna, akwai tambayar inda za a ajiye dabarar. Malamai da yawa sun koyi sanya gajeriyar hanya a cikin Word, wadda ke aiki lafiya har ranar da suka buɗe wasiƙar intanet ko jadawalin makin ɗalibai, su tarar ba ta biyo su ba. Dabarar da aka ajiye a babbar manhaja kuwa kowace manhajar aiki na cin moriyarta. Kayan yin haka sun daɗe da samuwa. Manhajar Keyman, wadda Marc Durdin ya fara rubutawa a 1993 domin harshen ƙasar Lawos, ta ba kowa damar tsara jadawalinsa. Ƙungiyar SIL ta karɓe ta a 2015, daga baya ta mai da ita kyauta. A 2003 Microsoft ya fitar da nasa kayan tsara madannai. Windows da Linux duka sun zo da tsarin Hausa a cikin jerin zaɓinsu, amma a kan tubalin QWERTY aka gina su, kuma ba a kunne suke zuwa ba, sai wanda ya san da su ya nemo.

Wayar hannu da farashin ƙugiya

Da wayar hannu ta bazu a Nijar cikin shekarun 2000, mutanen da ba su taɓa zama gaban tafireta ba suka fara rubuta Hausa kullum, a kan madannai 12. Manhajar T9, mai cankar kalma daga ƙamus, ba ta taimaka ba, domin ƙamus ɗin akasarin wayoyin na Faransanci ne da Ingilishi. Daɗin daɗawa, ƙa'idar gajeren saƙo ta GSM na ba da haruffa 160 ne muddin an tsaya cikin jerinta na Turai. Harafi guda daga wajen jerin, kamar ƙ, na mayar da saƙon duka kan wata ƙa'ida mai haruffa 70 kacal. Ke nan ko da wayar na da ƙugiya, mai rubuta ta na iya biyan kuɗin saƙo biyu ko uku a madadin ɗaya. Jama'a suka nemo tasu mafita: wasu suka zubar da ƙugiya, wasu suka rubuta k'asa da d'aya, wasu kuma qasa. Waɗannan ɗabi'u sun bi marubuta har cikin littattafan da ake yaɗawa ta Facebook da WhatsApp.

Wayoyi masu fuskar shafawa sun kawar da fenti da ƙarfe baki ɗaya, domin allon madannansu zane ne da manhaja ke yi. Cikin shekarun 2010 manhajoji irinsu Gboard da SwiftKey suka shigar da Hausa, da haruffanta da cankar kalmominta. Amma wani zaɓin ya sake kunno kai, wato gyaran kai-tsaye: wayar da aka bari kan Faransanci takan ɗauki kalmar Hausa a matsayin kuskure ta musanya ta da wadda ta sani. Haka manhajojin rubutu kan juya waƙafin 'y ta fuskanci baya, suna zaton buɗe zance aka yi. Harafin ƴ, wanda dokar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999 ta tabbatar, ya tsira daga wannan, saboda harafi ne cikakke mai lambarsa.

Kammalawa

Ƙasar da ta ba Nijar AZERTY ita kanta ta sake duba shi. A 2016 ma'aikatar al'adu ta Faransa ta koka cewa da wuya a rubuta Faransanci daidai da allon da aka saba, ganin babu hanya mai sauƙi ta samun É ko œ. Aka ɗora wa hukumar AFNOR aikin, a 2019 ta fitar da ƙa'idar NF Z71-300, mai ɗauke da gyararren AZERTY. Darasin a fili yake: tsarin madannai al'amari ne na siyasar harshe, hukuma kan zauna ta tsayar da shi kamar yadda take tsayar da ƙa'idar rubutu.

A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar. Harshen da za a rubuta takardun hukuma, sunayen mutane da na garuruwa da shi ba zai yi ta yawo tsakanin ƙasa, kasa, k'asa da qasa ba, domin na'urar bincike na iya ɗaukar su kalmomi huɗu, kuma wanda ya nemi ɗaya ya rasa sauran. Lambobin haruffa na nan, zanensu na nan, kayan tsara jadawali na nan kyauta. Abin da ake jira shi ne tsari guda da aka amince da shi bisa tubalin AZERTY, wanda zai ɗauki Hausa da Faransanci tare da bukatun Fulatanci, Zabarmanci, Tamajak da Barebari, a koyar da shi a makarantun horon malamai, a kuma kunna shi a kwamfutocin makarantu da ma'aikatu tun ranar da aka kawo su. Ƙungiyoyin marubuta da na raya al'adu na da nasu rabo: su nemi rubutu cikin Unicode daga masu aiko musu da maƙala, su kuma juya tsofaffin fayilolin shekarun 1990 zuwa gare ta tun zanen haruffan da aka rubuta su da shi bai salwanta ba. Hausawa na cewa da zafi-zafi ake bugun ƙarfe; yanzu da doka ta ɗaga matsayin harshen, lokacin tsayar da wannan zaɓi ya yi.